Ɗakin Garka

A can ƙuryar gidanmu, in ka wuce madafi ka bi ta ɗan lungun da ke tsakanin rijiya da katangar maƙwabta, akwai wani fili da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba, wanda muke kira garka. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ita ce ta raɗa masa wannan suna tun lokacin da take shuka rama da yakuwa da lalle a wurin. A jikin katangar gabas kuwa akwai ɗan ɗaki na jar ƙasa, ƙafa goma a ƙafa takwas, rufin kwano, ƙofar langa-langa. Nan awakinta suke kwana. Har ranar da muka fara aikin da zan ba ku labari, turakunsu uku suna nan a kafe.

Bayan rasuwarta aka sayar da awakin, ɗakin ya zama wurin jefa duk abin da aka rasa yadda za a yi da shi: karyayyen gado, tsohon risho, keken yara marar taya. A 2015 ni ma na kai nawa kayan, wato kwali 11 na littafina na ƙarshe, na ɗaya da na biyu da na uku. Wanda ya san harkar a wancan lokaci ya san yadda take. Ka buga da kuɗinka, ka kai kasuwa a karɓa bashi, ka yi ta sintiri ana ba ka da kaɗan-kaɗan. To, a wannan karon ko bashin ma ba a karɓa ba, domin masu karatu sun koma waya. Na ce bari in ajiye su zuwa kasuwa ta buɗe. Na ja ƙofa na sa kwaɗo, na yi shekara takwas ban ƙara leƙawa ba.

Abin da ya mayar da ni garka ba wani abu ba ne illa kuɗin makarantar yara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da Malam yake samu ya daina kai mu ƙarshen wata. Ni kuwa tun ina budurwa an san ni da kunun zaƙi. Duk biki ko sunan da za a yi a dangi, ni ake aiko wa da gero. Sai na fara yin roba ashirin, talatin, ina ba wani mai shago a bakin layi, ina haɗawa da zoɓo. Ba zan ɓoye muku ba, da farko har roƙonsa na yi kada ya faɗa wa kowa daga gidan da ake kawowa. Mace da aka taɓa karanta littafinta a rediyo, yau ita ce da wankin robobi? Girman kan banza, amma haka na ji a lokacin.

Matsalar ita ce madafinmu bai ɗauki sana'a ba. Tukunyar tuwo tana kan wuta, bokitin ƙullu yana gefe, yara suna shiga suna fita, kaji suna leƙe. Rannan autana ya tsoma hannunsa dumu-dumu a kunun da na kwana ina jira, dole na zubar. A daren na sami Malam na ce ina son ɗakin garka.

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Ɗakin Inna ne fa."

Na ce, "Ɗakin awakin Inna dai, Malam."

Ya ce, "Ita ta kwaɓa ƙasarsa da ƙafarta, ina yaro ina ɗebo mata ruwa." Wallahi ban taɓa sanin haka ba, shekara ashirin da wani abu ina gidan. Sai da aka yi mako biyu sannan ya amince, da sharaɗi guda: a gyara, amma kada a rushe bango ko ɗaya.

Ranar da aka fasa kwaɗon, domin makullin ya daɗe da ɓata, na ga abin da ya sa na zauna a ƙasa. Gara ta taso daga daɓe ta yi hanya a jikin bango, ta shiga kwalayen ta ƙasa. Daga waje ka ga kwali lafiya lau, kana ɗagawa sai ya zube, ciki duk jar ƙasa ce da guntattakin shafuka. Wani ka ga bango da hoton jarumar yana nan tas, amma labarin an cinye. A cikin kwali 11, ɗaya da rabi na tsira da shi. Sauran kuma ba za su zubu a bola ba, saboda kowane kwafi yana da Bismillah da addu'a a shafin godiya. Dole sai ƙonawa. Na tara su a tsakiyar garka na kyasta ashana, ina tuna irin kumfar bakin da muka yi a 2007 lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ga shi yau ba wanda ya tilasta ni, ni ce da ashanar a hannuna. Na fake da hayaƙi na yi kukana.

Maginin da Malam ya kawo dattijo ne, irin waɗanda suka fara da tubali kafin su koma bulo. Ya zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango da bayan cokalinsa, ya tsuguna ya kankare gindin katanga, ƙasa ta zubo kamar gari. Ya ce damina ce ta cinye gindin, saboda ruwan kwano yana zuba a jikinsa babu indararo. Ni duk a tunanina aikin bai wuce a shafe da siminti a yi fenti a manna tayil ba. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, siminti ba ya zama a jikin jar ƙasa haka kawai. Shekara guda zai ɓamɓaro kamar ƙanzo. Sai an kafa ƙusoshi an ja raga tukun."

Sannan ya tambaye ni me za a riƙa yi a ɗakin. Da na gaya masa, sai ya jero mini abin da ake bukata, kuma ba a cikin jerin da nake so ba. Na farko daɓe, a fasa tsohon, a kwashe gidan gara har a kai ga uwar, a zuba magani, sannan a yi sabo mai gangara zuwa kusurwa guda inda bututu zai fitar da ruwa kwata. Na biyu a ɗaure gindin bango da bulo daga waje. Na uku taga biyu masu kallon juna, da ragar sauro saboda ƙuda. Na huɗu a ɗaga bangon da layi biyu a sa silin, domin kwanon ya yi ƙasa da yawa, mutum mai tsawo yana iya taɓa shi. Tayil kuwa ko ambatonsa bai yi ba.

Kuɗin aikin adashi ne na kwasa, na haɗa da 'yan kunnena guda. Mun yi lissafi a ƙarshen 2023 buhun siminti yana naira 5,000 da 'yan kai. Kafin kwasata ta zo, a watan Fabrairun 2024, ya haura naira 10,000. Malam ya je Ƙofar Ruwa da takardar lissafi a aljihu, ya dawo da rabin abin da ke rubuce. A nan ne fa na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Akwai kuɗin da na ware na firiza ta hannu, akwai kuma na silin da ƙarin bango, ɗaya ne kawai zai yiwu. Na zaɓi firiza. Baba magini ya ce, "Hajiya, firiza sai da wuta. Inuwa kuwa ba a ɗauke ta." Na ce masa bayan Sallah a yi. Bai ƙara magana ba, ya ci gaba da aikinsa.

Aikin nasa kuwa ya yi kyau. Ranar da daɓen ya bushe ya sa aka kawo bokitin ruwa ya sheƙa a bakin ƙofa, muka tsaya muna kallo ruwan ya miƙe zuwa bututu bai bar ko kwalbati ɗaya ba. Na sha ganin gidajen masu kuɗi da ruwa yake kwanciya a banɗakinsu, amma wannan tsoho ba shi da wani ma'auni sai igiya da idonsa. Ya gina mini dakali a jikin bangon arewa inda bokitai za su zauna, kafinta ya kafa kanta biyu na robobi, aka shafe ciki da farar ƙasa. Murhun gawayi muka bar shi a waje ƙarƙashin 'yar rumfa, don kada zafi ya ƙaru. Turakun awaki biyu sun ruɓe, na ukun Malam ya cire da kansa ya kafa a bakin ƙofa, ya ce a riƙa rataya mataci.

Ga wanda bai san yadda ake kunun zaƙi ba, bari in ɗan yi bayani, don a gane abin da ya same ni. Gero ake jiƙawa, wasu su haɗa da dawa, ya kwana ya yini a ruwa. A wanke shi tas, a rege, a kai markaɗe tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono da busasshen dankalin Hausa. In ƙullun ya dawo sai a raba shi biyu, babban kaso da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Sai a jira ya huce. In ya kai yadda za ki iya tsoma yatsa ki bar shi a ciki, sai ki juye ɗanyen ƙullun nan da kika ajiye, ki gauraya, ki rufe. A nan duk sirrin yake. Ɗanyen ne yake tsinka dafaffen, ya mayar da kaurin nan ruwa-ruwa, ya fito da zaƙin da ke cikin hatsin tun kafin a sa sukari. Shi ya sa wasu suke ƙara tsiron gero ko na shinkafa. In kika zuba da zafi, kin kashe shi, kunu zai wayi gari da kaurinsa. In kika dace, da asuba za ki buɗe ki ji wani ƙamshi mai ɗan tsami-tsami, sai tata.

Kakata da ta koya mini ba ta taɓa cewa ga dalili ba, cewa kawai take kunu yana son dare. Ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, cikin wani irin zafi da ya addabi ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Mai shago ya ce in ninka abin da nake kawowa, wasu gidaje uku ma suka ce a riƙa kai musu na buɗa-baki. Sai na yi dabara, a ganina. Maimakon in haɗa da dare ya kwana, sai in haɗa bayan sahur, in tace da la'asar, ya isa ga mutane sabo. Kwana biyun farko an yi hazo, abin ya tafi daidai. A rana ta uku gari ya buɗe. Da azahar na shiga ɗakin, na ji kamar an buɗe mini tanda, kwanon nan yana ta ƙara. Na ɗaga murfin bokiti, kunu yana tsatsafo da kumfa, yana wani ɗan motsi kamar mai numfashi. Ina azumi, ban ɗanɗana ba, na ba autana. Ya yatsine fuska. Maimakon in haƙura, sai na tace na ƙara masa sukari fiye da kima don ya ɓoye tsamin, na ɗura roba 80 na ɗaure. Wuta kuwa tun jiya da aka ɗauke ba a dawo da ita ba, firizata tana zaune kamar akwatin lefe. Ƙanƙarar da na aika a sayo, kuɗin ƙulli uku kawai na iya biya.

Bayan magariba wata yarinya ta yi sallama da roba huɗu a leda, ta ce, "Wai in ji Umma, a duba wannan, ba irin na jiya ba ne." Ko kuɗin ba su nema ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Mai shago ya dawo da fiye da rabi. Na jera su a kan dakali na rufe ɗaki, na ce gobe na san yadda zan yi. Wajen ƙarfe biyun dare muka ji fau! Sai kuma fau! Malam ya fita da tocila da taɓarya yana zaton ɓarayi ne. Robobi ne suka kumbura suna harba murafensu, sabuwar farar ƙasata duk ta yi fatsi-fatsi har kwano.

Da safe maƙwabciyata ta leƙo, matar wani malamin makaranta, 'yar kudancin Kaduna, mun fi shekara goma muna zaman mutunci. Tana shiga garka ta ja hanci, ta dube ni ta fashe da dariya. Ta ce, "Maman yara, wannan warin ai na san shi tun ina ƙarama. In kika ƙara masa kwana biyu, ba kunu za a kira shi ba." Ta ce a ƙauyensu kakarta burukutu take dafawa, kuma farkon aikin kusan ɗaya ne: hatsi, jiƙo, tsiro, niƙa, dafawa. Bambancin shi ne su suna barinsa ya yi kwanaki yana tashi, mu kuwa muna tare shi tun yana dare ɗaya. Gabana ya faɗi. Ni da na ba mutane su buɗe baki da shi! Ta kwantar mini da hankali cewa na yini ɗaya tsami kawai ya yi, amma wanda ya kwana a ɗaure da sukari, gara in zubar. Na tuttular da shi a sabon daɓena, ya bi gangarar Baba magini salin-alin. Malam yana tsaye yana cewa in yi sauri kafin warin ya kai ofishin Hisba.

Babbar 'yata da take karatun kimiyya ita ta ƙarasa mini bayanin. Ta ce wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke aikin, wasunsu irin masu sa nono tsami, wasu irin yis ɗin burodi. Abincinsu zaƙi, kuma zafi yana sa su sauri. Masu tsamin su ne suke ba kunu ɗanɗanonsa in an tsaya a kan lokaci, yis kuma shi yake fitar da iskar da ta kumbura robobin. Sukarin da na ƙara don in rufa asiri, abinci na ƙara musu. Ashe abin da kakata take nufi da dare ke nan: sanyi.

Sauran azumin da dabaru muka ƙarasa shi. Yara suka kafa kwalaye a ƙarƙashin kwano a madadin silin, cikinsu har da na littattafan da suka tsira, aka shimfiɗa zana biyu a saman rufin. Na koma haɗawa bayan tarawi, in tace da sahur, in rage awannin jira tunda garin da zafi. Na sayo randa biyu na binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi kamar yadda ake yi a da, nan robobi suke zama kafin ƙanƙara ta zo. Sukari kuwa sai an kusa fita da kaya nake sawa. Gida biyu daga cikin ukun nan sun dawo. Na ukun har yau muna gaisawa, amma ba su ƙara aikowa ba.

Zoɓo bai taɓa ba ni irin wannan wahala ba, shi da ake tafasawa. Nasa sharrin a jiki da kaya yake: ya rina daɓe, ya rina farce, tsaminsa ya ci tukunyar dalma, shi ya sa na koma ta silba. A Dawanau muke saro shi, kuma sai ka je can za ka san abin nan da muke rainawa kaya ne na fita waje, ana loda shi zuwa Meziko inda su ma jiƙa shi suke su sha. A Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisab, a Gana sobolo. Nawa daga zoɓo sai citta da kanumfari da ɓawon abarba daga 'Yan Lemo. Cittar ma sai da ta gagari mutane bayan cutar da ta lalata gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, na koma auna ta da cokali. Abu ɗaya da na haramta wa ɗakin nan shi ne garin ɗan tsami da kalolin da ake aunawa a leda babu suna. Ban manta 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami. Kunun aya kuwa sai an yi oda nake yi, domin shi ko yini ba ya iya yi babu sanyi.

Bayan Sallah da wata biyu na aika aka kira Baba magini. Ya shigo ya ɗaga kai ya kalli kwalayen, ya karanta sunan littafina a jikin ɗaya da ƙyar, ya ce, "Hajiya, wannan silin naki mai ilimi ne." Bai ce ai na gaya miki ba. Ya kwance kwanon, ya ɗora layi biyu, ya mayar, kafinta ya buga silin, aka sa indararo da yake zuba a tanki. Yanzu da tsakar rana ma ana iya zama a ciki. Tayil har yau ban sa ba, kuma na daina sha'awarsa. Abin da nake tarawa yanzu na sola ne, ko firizar nan ta san abin da aka sayo ta domin shi.

Kwafin da suka tsira suna kan kanta ta sama, a cikin leda, nesa da ƙasa. Wata mai sayen kunu ta hango su rannan ta ce ta karanta na ɗaya da na biyu tana aji uku, na ukun ne ba ta taɓa samu ba. Na miƙa mata, na ce ta haɗa da kununta.

A daminar da ta biyo baya na tsinci 'ya'ya a gindin buhun zoɓo, na watsa su a inda na ƙona littattafan, ban ma sa rai ba. Suka fito, tokar ta karɓe su. Muka yi ta miyar yakuwa, da kaka kuma na tsinke zoɓon na shanya, bai cika kwano biyu ba. Wannan ban sayar ba. Na dafa na kai wa Malam a kofi bayan isha, yana zaune a bakin ɗakin kusa da turken nan. Na ce, "Na garka ne." Ya shanye bai ce komai ba, ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya miƙo mini ya ce in akwai saura in ƙara masa.